Fuskoki baƙi ƙirin, dawakai dishi-dishi: yaya ake saita haske da sauri a kyamarar fim?

Ɗan Gado, Tudun Wada

Assalamu alaikum. Ina gaida iyayena da yayyena masana wannan sana'a, ina kuma roƙon a yi haƙuri da tsawon bayanina, domin na ga gara in faɗi abin da ya faru dalla-dalla tun farko, don mai amsawa ya san inda zai kama.

Bayan rasuwar mahaifinmu, da aka zo buɗe akwatinsa na ƙarfe, sai aka tarar da kyamara ƙirar Pentax K1000 naɗe cikin wani tsohon rawani, da idonta, wato gilashin da ke gabanta, mai lamba 50, da wata 'yar filasha da ake maƙalawa a samanta. Babu wanda ya nuna sha'awarta a cikin 'yan'uwana, sai mahaifiyarmu ta ce in riƙe, tunda ni ne ba na rabuwa da ɗaukar hoto da waya. Na sa mata sabon batir, na leƙa na ga allurar da ke gefen dama tana motsi, na sayi fim mai launi guda biyu masu lamba 200, kowanne mai ɗaukar hoto 36, na kuma ƙarar da su duka a bikin wani abokina makonni biyu da suka wuce. Iyakar abin da aka koya mini shi ne in yi ta juya lambobi har allurar ta tsaya a tsakiya sannan in danna, kuma ban saɓa wa wannan ba ko sau ɗaya.

Da hotunan suka dawo daga wanki, waɗanda zan iya nuna wa ango ba tare da jin kunya ba ba su kai 20 ba. Na wurin ɗaurin aure, waɗanda na ɗauka da hantsi a ƙofar masallaci, manyan riguna sun fito tas har ana ganin aikin wuya, amma fuskoki sun yi baƙi ƙirin, ta yadda ba a bambanta ango da waliyyinsa sai ta hula. Ranar an tashi da hazo, sararin sama ya yi fari fat. Na hawan angwanci kuma, waɗanda na ɗauka bayan la'asar, gidaje da bishiyoyi sun fito daidai gwargwado, amma dawakan sun narke kamar an shafa su da jiƙaƙƙen tsumma; na tuna lambar da ke kan ido tana kan 16, ta saman kyamara kuma tana kan 30. Na dare da na ɗauka da filasha a wurin kamu, kowanne akwai babban ɓangare daga gefe da ya yi duhu kamar an turo ƙyaure, kuma a lokacin lambar sama tana kan 250. Akwai kuma wasu 'yan kaɗan masu jan zane a gefensu.

Shin kyamarar ce ta tsufa, ko mai wanki ne ya ɓata aiki, ko kuwa hannuna ne? Kuma mene ne alaƙar lambobin ido da lambobin sama? Nan da mako uku za a yi walimar saukar Alƙur'ani ta ƙanwata, kuma na riga na yi alkawarin da wannan kyamarar zan ɗauke ta.

Tsohon Mai Hoto, Kawo

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa. Abin da ya bar maka ba abin rainawa ba ne. An yi ta ƙera irin wannan kyamara daga 1976 har zuwa 1997, kuma batirin da ka sa ba ya yi mata komai sai motsa allura. Ko babu shi za ta ɗauki hoto a kowane sauri. Ni na fara sana'ar ina yaron shago mai riƙe jaka, kuma a 1977, lokacin babban hawan daba na FESTAC a nan Kaduna, ina bayan maigidana ina miƙa masa fim, saboda haka dawakai da fararen riguna sun daɗe da koya mini karatu.

Kafin komai, duba 'yar tagar da ke cikin majuyin lambobin sama, inda aka rubuta ASA. A nan ake gaya wa allura ƙarfin fim ɗin da ke ciki, kuma abin da muka sani da ASA shi ne yanzu ake rubutawa ISO a jikin kwali, lambar ba ta sauya ba. Ana ɗaga zoben majuyin sama kaɗan a juya shi har lambar da ake so ta bayyana. Ba ka ce ka taɓa wurin ba, kuma idan mahaifinka ya bar shi a kan 400 alhali fim ɗinka mai 200 ne, to kowane hoto ya sami rabin hasken da yake bukata tun kafin a zo maganar riguna.

Lambobin sama na labule ne, wanda wasu ke kira shota. Idan ka buɗe bayan kyamarar za ka ga baƙin ƙyalle, kuma shi ne ke yayewa ya bar haske ya faɗa kan fim. Lamba 250 tana nufin ɗaya bisa 250 na sakan, 30 kuma ɗaya bisa 30, harafin B kuwa yana barin labulen a buɗe muddin yatsanka na kan maɓalli. Lambobin ido, wato 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, 22, na ƙofar da haske ke bi ne, kuma abin da ke rikita sabon shiga shi ne babbar lamba ita ce ƙaramar ƙofa. A ɓangarorin biyu, kowane mataki ɗaya ko ya ninka haske ko ya raba shi biyu. Ka dubi mai tsire: yana iya matsar da nama kusa da wuta na ɗan lokaci, yana iya kafa shi nesa ya daɗe, duka biyun za su gasu, amma duk wanda ya ci ya san ba ɗaya ba ne. Allura gasuwa kawai take gaya maka, ba ruwanta da irin gashin.

Abin da ya sami dawakanka ke nan. Ka bar ƙofa a tsuke a kan 16 da yamma ta yi, sai ka yi ta rage sauri don allura ta yarda, har ka sauko 30, kuma a cikin ɗaya bisa 30 na sakan doki mai sukuwa ya yi tafiyar da za ta shafe ƙafafunsa da kansa. Hasken da 16 da 30 suka ba ka, shi ne 11 da 60 za su ba ka, shi ne na 8 da 125, shi ne na 5.6 da 250, shi ne na 4 da 500. Da ka zaɓi na ƙarshen, allurar tana nan a tsakiya, amma da ka ga ƙurar kofato a tsaye cak a iska. Ga abin da ke motsi, fara zaɓen sauri, sannan ka nemo allura da zoben ido. Dokin da ke gilmawa ta gabanka yana bukatar 500 ko 1000, wanda ke tunkaro ka kai tsaye 250 ta ishe shi. Akwai kuma dabarar bin doki da kyamara a kan 60 ko 125, kana juya ƙugu tare da shi har bayan ka danna, sai mahayi ya fito sarai, jama'ar da ke bayansa su zama zane-zane, amma wannan sai ka yarda ka yi asarar hotuna da yawa kafin ɗaya ya kama.

Maganar fuskoki ita ce babba, kuma ita ce ta raba mai hoto da mai riƙe kyamara a garinmu. Allurar ba ta san fari ba, ba ta san baƙi ba. An gina ta ne a kan zaton duk abin da aka nuna mata, idan aka gauraya haskensa da duhunsa, zai tashi ruwan toka matsakaici, irin wanda ke mayar da kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. To kai ka nuna mata farar shadda ta mutum goma tana sheƙi, ka haɗa mata da sararin hazo wanda ya fi shaddar haske, sai ta ce haske ya yi yawa, a rage. Ka yi mata biyayya ka rage mataki biyu ko fiye, farar riga ta koma toka-toka, fuska kuma, wadda dama baƙar fata ce a ƙarƙashin inuwar hula da rawani, ta nutse gaba ɗaya. Injin buga hoto ya ɗago rigar ta koma fara, amma bai sami komai a fuskar da zai ɗago ba.

Maganinsa ƙafa ce. Taka ka je dab da mutumin har fuskarsa ta cika tagar leƙawa, ka saita allura a tsakiya a can, sannan ka koma inda za ka tsaya. Da ka koma za ka ga allurar ta yi tsalle sama wajen alamar tarawa. Ƙyale ta, kada ka taɓa komai, ka danna. Idan babba ne wanda ba a kai masa kyamara hanci, ɗaga tafin hannunka cikin irin hasken da ke kan fuskarsa, ka auna a kan tafin, sannan ka ƙara buɗe ƙofa mataki ɗaya, domin tafin hannu ya fi ruwan tokan nan haske da kamar mataki guda. Da damina, koriyar ciyawa ma tana yin wannan aiki ba tare da ƙarin komai ba. Kuma in kana da iko da wurin tsayawa, janye mutane daga tsakiyar rana zuwa bakin rumfa ko gindin bishiya su fuskanci fili, ka kuma sunkuyar da kyamara kaɗan don kada sama ta cinye rabin hoton. Batun filasha da jan zane na bar wa masu gyara, sun fi ni bakin faɗa.

Malamar Kimiyya, Unguwar Rimi

Baba ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ba sana'ata ba ce, sha'awa ce ta sa na koma ɗaukar hoto da fim, amma ina da ƙari, ina kuma da wuri ɗaya da nake ganin akwai hanyar da ta fi sauƙi ga mai koyo.

Ƙanena, lambobin ido ba haka kawai aka jera su ba. Kowace lamba sakamakon raba tsawon idon ne da faɗin ƙofarsa. Idonka milimita 50 ne, saboda haka a kan 2 faɗin ƙofar milimita 25 ne, a kan 16 kuwa bai wuce milimita 3 da ɗan ɗoriya ba. Da yake yawan haske ya dogara ga girman filin ƙofar ne ba faɗinta kawai ba, ana ninka lamba da kusan 1.4 kafin haske ya ragu da rabi, shi ya sa ake samun 2.8 da 5.6 a maimakon cikakkun lambobi. Ƙofar kuma tana da wani aiki bayan auna haske: idan ta tsuke, na gaba da na baya duk suna fitowa sarai, idan ta buɗe sosai kuwa, wanda ka saita a kansa ne kaɗai zai fito, sauran su yi laushi.

Abin da nake so ka haddace shi ne ƙa'idar 16, wadda ke raba mutum da dogara ga allura. A cikin rana tsantsa, ka sa ido a kan 16, ka sa sauri a kan lambar da ta fi kusa da lambar fim, wato 250 ga fim mai 200. Daga nan inuwarka ce mita, wato ma'aunin haske. Idan bakin inuwar yana da kaifi kamar an yanka da wuƙa, 16 ne. Idan bakinta ya yi laushi, kamar yadda take yi a yawancin ranakun hunturu, 11 ne. Idan da kyar ake ganinta saboda hazo ya yi kauri ko hadari ya haɗu, 8 ne, idan babu ita sam 5.6, a ƙarƙashin rumfa kuma 5.6 ko 4. Amfanin wannan shi ne, ranar da kake tsaye cikin hazo allura ta nemi ka sa 22 da 500, nan take za ka gane fararen kaya sun ruɗe ta.

Inda na ɗan bambanta da Baba shi ne, mai koyo a tsakiyar taro ba zai tuna da tafin hannu a kowane hoto ba. Fim mai launi irin na nagatif, kamar Kodak Gold ko ColorPlus, yana jure ƙarin haske na mataki biyu ba tare da ya lalace ba, amma ragin mataki ɗaya kacal yana sa inuwa ta yi laka-laka, hoton ya cika da tsaki kamar yashi. Saboda haka ni nakan yaudari allurar tun farko: fim mai 200 sai in rubuta mata 100, in bar shi haka har ya ƙare, a kuma wanke shi yadda aka saba. Wannan bai shafi fim ɗin silaid ba, irin wanda ake haska hotonsa a bango, domin shi ƙarin haske ƙona shi yake yi. Ka kuma duba ranar ƙarewar aiki a jikin kwalin, domin fim ɗin da ya kwana biyu a kantar shago ya sha zafin Maris da Afrilu ƙarfinsa yana raguwa, kuma abin da aka saba yi shi ne a ƙara masa mataki ɗaya a kan kowace shekara goma da ta wuce. Nawa a firji nake ajiyewa, in fitar da shi ya huce cikin robarsa kafin in buɗe.

Kada kuma ka ɗora wa kanka laifin duka. Shekaru da yawa kamfanin Kodak yana raba wa masu buga hoto katin gwaji mai ɗauke da hoton mace farar fata don su daidaita launi a kansa, kuma har yau injin da aka bari ya yi wa kansa hukunci yakan bi farar riga ya manta da fuska. Ka roƙi mai buga maka ya daidaita a kan fata, ko da rigar za ta ɗan wanke.

Kafin walimar, ka sadaukar da fim ɗaya. Ka ɗauki aboki sanye da farar riga ku je Gamji, ku tsaya wajen tsohuwar gadar ƙarfen nan da aka kwaso daga Zungeru, inda ƙyallin ruwan kogi ke ruɗa allura kamar yadda shadda ke yi. Kowane hoto ka ɗauke shi sau uku, ɗaya yadda allura ta ce, ɗaya da ƙarin mataki ɗaya, ɗaya da ƙarin biyu, kana rubuta lambobin a ɗan littafi, domin fim ba ya ajiye maka wannan bayani kamar waya.

Mai Gyara, Kakuri

Gaisuwa ga Baba da Malama. Ɗan'uwa, kafin ka zargi kyamara ko mai wanki, ɗauko nagatif ɗin ka ɗaga shi ga taga, domin shi ne shaidar da ba ta ƙarya. A bakinsa, kusa da ramukan nan, akwai sunan fim da lambobi waɗanda aka buga da haske tun a masana'anta, saboda haka kyamararka ba ta da hannu a cikinsu, ruwan wanki ne kaɗai ke fito da su. Idan rubutun ya fito da ƙarfi amma hotunan sun yi shara-shara, haske ne bai isa ba. Idan rubutun da hotunan duk sun koɗe, to wanki ne. Hakan yana faruwa, domin wankin fim mai launi, wanda ake kira C-41, yana son ruwa mai zafin digiri 37.8 na minti 3 da sakan 15, kuma yanzu da masu kawo fim suka yi ƙaranci, ruwan yakan tsufa a cikin inji. Ka lura, a nagatif komai a juye yake: farar riga baƙa ce, fuskar da ta nutse kuma wuri ne wayam da kake hango yatsanka ta cikinsa.

Duhun da ka gani a hotunan filasha ba lalacewa ba ce. Labulen biyu ne, suna gudu daga gefe zuwa gefe, na farko ya buɗe, na biyu ya biyo ya rufe. Daga 60 zuwa ƙasa, akwai lokacin da fim ɗin ke buɗe gaba ɗaya, kuma a nan filasha ke walƙawa. Sama da 60 kuwa, na biyu yana tasowa tun na farko bai kai ƙarshe ba, sai ya zama tsaga ce kawai ke ratsa fuskar fim, filasha kuma ta haska abin da tsagar ta bari. Shi ya sa aka sa alamar X kusa da 60. Da filasha, bar sauri a nan, ka manta da allura, ka duba jadawalin da ke bayan filashar. Idan lambar ƙarfinta 20 ce kuma mutum yana nesa da kai mita biyu da rabi, raba 20 da 2.5 ka sami 8 ga fim mai 100, mai 200 kuma ka tsuke zuwa 11.

Jan zanen kuwa haske ne ke satar shiga ta ƙofar baya. Akwai siririn baƙin soso a cikin kwararon ƙofar da wajen maratayinta, kuma bayan shekara 30 ko 40 yakan narke ya koma kamar kwalta. Taɓa shi da tsinken sakace. Idan ya maƙale, ya mutu. Sauya shi ƙaramin aiki ne, amma kafin nan kana iya liƙe gefunan ƙofar da baƙin salatif na masu wayarin bayan ka sa fim.

Gwada labulen da kanka ba tare da fim ba. Cire ido, buɗe baya, fuskanci farin bango, ka danna a kowace lamba tun daga 1. A kan 1 za ka ji 'yar ƙara tana tafiya santsi na tsawon sakan guda; idan tana tsayawa tana ci gaba, tsohon mai ya daskare. A kan 1000 ya kamata ka ga walƙiyar cikakkiyar taga, ba rabi ba. Don Allah kada ka taɓa ƙyallen da yatsa, kada kuma ka ɗiga mata man keken ɗinki, domin rabin kyamarorin da ake kawo mini taimakon mai su ne ya kashe su.

Batir kuma nemi SR44, ya fi LR44 riƙe ƙarfinsa daidai har ya ƙare. Ka yi sa'a ba Olympus OM-1 ko Minolta SR-T ka gada ba, waɗanda aka yi wa batirin zaiba mai ƙarfin 1.35 da aka daina yi, har batirin yanzu ke sa allurarsu kuskure. Taka ba ta da makunni, murfin ido ne ke kashe mitar, don haka rufe ta duk lokacin da ka ajiye. Don gwada batir, sa ASA a kan 100 da sauri a kan B, allura ta haura sama ta tsaya. A wannan ƙura ta hunturu kuma, kada ka sauya fim a fili, kada ka goge ido da bakin riga.

Ɗan Gado, Tudun Wada

Allah ya saka da alheri, Baba, Malama da Yaya mai gyara. Na bi abin da kuka ce ɗaya bayan ɗaya. Tagar ASA a kan 400 na same ta, kamar Baba yana tsaye a kaina lokacin da nake sa fim. Rubutun bakin nagatif ya fito raɗau, fuskokin kuma wayam suke, saboda haka na janye zargin da na yi wa mai wanki a zuciyata. Soson ƙofa ya maƙale wa tsinke, na kuma samo salatif. Labulen yana tafiya daidai a kunnena, sai dai a kan 1 yana ɗan jan ƙafa.

Saura abu biyu. Walimar a falon gidanmu za a yi da hantsi, mai taga ɗaya babba da ƙofa, kuma mahaifiyarmu ba ta son walƙiyar filasha a idon malamai da dattawa. Wane saiti zan fara da shi? Sannan idan na bi shawarar Malama na rage lambar ASA, shin zan kuma ƙara matakin tafin hannu da Baba ya faɗa, ko ɗaya ya wadatar?

Tsohon Mai Hoto, Kawo

Shawarar Malama mai kyau ce, kuma tafin hannu ba ya cin karo da ita, domin matakin tafi gyaran awo ne, nata kuma guzuri ne da ake ƙara wa fim. Sai dai a cikin ɗaki guzurin yana da tsada, tunda kowane mataki da ka ba fim daga saurinka za ka cire shi. A tsakar rana kuma, idan ka auna a kan baƙar fuska sannan ka ƙara nata, aikin zaren da ke wuyan farar riga yakan soma ɓacewa, kuma mai rigar da ya biya kuɗin aska takwas zai nemi ganinta a hoto.

Don falo, sayi fim mai 400, ka rubuta 400 a tagar. Ka yaye labulen taga gaba ɗaya, ka buɗe ƙofar falon, ka kashe ƙwan lantarki idan hasken rana ya isa, domin fim ɗin rana yana mayar da hasken ƙwai ja ko kore. A zaunar da ƙanwarka inda hasken taga zai sauka a gefen fuskarta da kan allonta, kada tagar ta kasance a bayanta. Fara da 60 da 2.8, ka auna a fuskarta, in allura ta yi ƙasa ka buɗe zuwa 2. Kada ka sauka ƙasa da 60 da ido mai 50 a hannu, domin rawar hannunka kaɗai ta isa ta ɓata hoto. In dole ta sa ka sauka 30, jingina da bango, ka matse gwiwar hannu a haƙarƙari, ka danna a hankali bayan ka saki numfashi. A kan 2, saitin nisa ba ya yafiya, don haka saita a kan idonta, hoton taro kuma a jera su sahu ɗaya ko a fito da su tsakar gida. Jan ƙafar da labule ke yi a kan 1 ba zai taɓa ka ba a wannan aiki.

Idan ka sa fim ka rufe, ɗan juya majuyin naɗewa na hagu har ka ji ya yi tauri, sannan duk lokacin da ka ja hannun gaba ka dubi ko majuyin yana juyawa da kansa. Ƙidayar hotuna tana tafiya ko fim bai kama ba. Na taɓa ɗaukar bikin gidan wani attajiri tun daga kamu har kai amarya, ina ta jera mutane ina cewa a matso a yi murmushi, sai da na ga ƙidaya ta wuce 36 hannu bai tsaya ba sannan gabana ya faɗi. Shekara fiye da 40 ke nan, amma ƙanin amaryar yana da shago a kasuwar Kawo, kuma har gobe ta bayan layinsu nake zagayawa.